Ina son tsayawa takarar kujerar iyaye a makarantar ɗana, maigida ya ce in rufa wa kaina asiri

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, shekararmu bakwai a Manchester ta ƙasar Ingila, ina aikin jinya. Yarana uku, biyu suna firamare ɗaya a unguwarmu. Makon jiya makaranta ta aiko da takarda cewa kujera ɗaya ta iyaye a kwamitin da ke gudanar da makarantar ta zama babu kowa, wato abin da suke kira gwamnan makaranta, duk mai so ya cike fom cikin mako biyu.

Gaskiyar magana abin da ya ja hankalina shi ne ɗana na biyu. Shekararsa takwas, karatu yana ba shi wuya ƙwarai, tun bara nake roƙo a duba shi a gano matsalar, kullum sai a ce in jira. Sau da yawa ana hana shi fita wasa don bai gama aiki ba, ya dawo gida yana cewa shi daƙiƙi ne. Na ce a raina in na shiga kwamitin, dole su saurare ni.

Abban yara bai yarda ba. Ya ce mu baƙi ne, in tuna abin da ya faru da Musulmi a makarantun Birmingham, in rufa wa kaina asiri. Sannan wata aminiyata da muke islamiyyar yara ɗaya ita ma na ji tana shirin tsayawa, ba na son mu ɓata. Ga Turancina, ina ji ina mayarwa, amma harshena na gida ne, ina tsoron a raina ni a gaban taro. Anti, in tsaya ko in haƙura?

Wata uwa daga Manchester

Wa'alaikumus salam ƙanwata.

Ina ganin ki tsaya. Amma maganar yaronki daban take da maganar kujerar nan, kuma in kika haɗa su za ki cuci yaron, ki wahalar da kanki. Bari mu fara da shi, don shi ne ya fi gaggawa. Yaro ɗan shekara takwas da ya fara kiran kansa daƙiƙi ba zai iya jiran a ƙirga ƙuri'a ba.

Kujerar da kike hange ba za ta ba ki ikon da kike zato a kan matsalarsa ba. A zaman kwamiti ba a kawo maganar yaro ɗaya da sunansa, balle ɗan wanda ke zaune a teburin. Duk abin da ya shafi ɗanki kai tsaye, ke za a fara cewa ki fita waje har a gama. Idan kuma wata rana ƙorafinki ya kai matakin da gwamnoni za su zauna a kansa, abokan zamanki ne za su saurare shi, ke kina can gefe a matsayin mai ƙara, kowa yana jin nauyin kowa. Hannunki a sake yake yanzu fiye da yadda zai kasance bayan zaɓe, don haka ki yi amfani da shi tun a wannan makon.

Kowace makarantar gwamnati a Ingila tana da malami ko malama da aka ɗora wa kula da yara masu buƙata ta musamman, SENCO ake ce musu. Ki daina tsayar da malamar aji a bakin ƙofa ana hayaniyar tashi. Ki rubuta wa SENCO wasiƙa ko imel, ki sa kwanan wata, ki faɗi abin da kika gani a gida: yadda yake karanta layi ɗaya sau uku, haruffan da yake juyawa, ranakun da aka hana shi wasa, da kalmar da yake kiran kansa da ita. Ki nemi zama, ki nemi a rubuta miki irin taimakon da ake ba shi yanzu da ranar da za a sake dubawa. Turawa mutanen takarda ne. Abin da aka faɗa da baki a harabar makaranta iska ke kwashe shi, wanda aka rubuta kuwa dole a amsa. Idan amsar ba ta gamsar da ke ba, doka ta wajabta wa makaranta ta kasance da tsarin karɓar ƙorafi, za ki same shi a shafinta na intanet, mataki-mataki, daga shugaban makaranta har zuwa gwamnoni.

Akwai kuma wata ƙofa da iyayenmu da yawa ba su san da ita ba. A ƙarƙashin dokar yara da iyali ta 2014, uwa ko uba na da 'yancin rubuta wa ƙaramar hukuma kai tsaye su nemi a yi wa yaro cikakken binciken buƙatunsa, wanda ake kira EHC, ba sai makaranta ta amince ba. Hukumar tana da mako 6 ta ce za ta yi ko ba za ta yi ba, idan kuma an tafi har ƙarshe, wa'adin doka mako 20 ne. Ba kowane yaro ne ke kaiwa ga wannan matakin ba, da yawa taimakon cikin makaranta ya ishe su idan an yi shi da gaske. Amma sanin cewa ƙofar tana nan yana canja yadda ake magana da ke. Kowane yanki kuma yana da ofishin ba iyaye shawara kyauta kan wannan harka, SENDIASS, ki nemi na yankinku. Da dare kuwa ki zauna da yaron ki gaya masa da bakinki cewa ƙwaƙwalwarsa lafiya take, hanyar koyonsa ce daban, kuma kina nan kina bin maganar.

To, yanzu kujerar.

Na zauna a irinta shekara huɗu a wata firamare a arewacin Ingila, kuma da irin zuciyarki na shiga. Zaman farko a watan Nuwamba aka yi, ƙarfe shida na yamma, gari ya yi duhu tun kafin biyar. A ɗakin karatun yara muka zauna, kan 'yan kujerun nan da gwiwa ke kusan taɓa ƙirji. Mako guda kafin nan an aiko mini da takardu masu kauri, na ɗan leƙa na ajiye, don ni abin da na riƙe shi ne 'yar takardar da na cika da koke-koken matan unguwa: wannan ta ce abincin rana bai isa ba, waccan ta ce wata malama tana yi wa ɗanta tsawa. Aka shafe awa biyu ana magana kan kasafin kuɗi da yawan yaran da ke fashin zuwa, ban ce uffan ba, don ban karanta ba. Da aka zo ƙarshe na fito da takardata. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa da ta yi ritaya, ta dakatar da ni cikin ladabi, bayan an tashi ta ja ni gefe ta yi mini bayanin cewa waɗannan maganganun suna da hanyarsu, kuma in gwamnoni suka ji su tun yanzu, babu wanda zai rage da zai saurare su da adalci ranar da suka zama ƙara. Na koma gida raina a ɓace. Sai da na yi wata shida a ciki na gane gaskiya ta gaya mini.

Sunan gwamna yana ruɗar mu, don mu a gida gwamna shi ne mai jiniya da ba da umarni. Nan aikin sa kai ne, babu albashi, kuma kai kaɗai ba ka da ikon komai sai a cikin taro. Ba kuma PTA ɗin da muka sani ba ce, ta tara kuɗin gyaran rufi da walimar yaye ɗalibai. Ya fi kama da SBMC, kwamitin al'umma da ke sa ido kan makarantunmu na gida, sai dai wannan yana da haƙora na doka. A makarantar da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma, dokar 2012 ta ce kwamitin kada ya gaza mutum bakwai: iyaye aƙalla biyu, shugaban makaranta, ma'aikaci ɗaya da 'yan'uwansa suka zaɓa, mutum ɗaya daga ɓangaren ƙaramar hukuma, sai waɗanda kwamitin ya gayyato saboda wata ƙwarewa. Aikinsu uku ne: su tsara inda makarantar ta dosa, su tuhumi shugaban makaranta kan karatun yara, su sa ido kan kuɗi. Su ne ke ɗaukar sabon shugaban makaranta in kujerar ta zama babu kowa. In masu binciken Ofsted, hukumar da ke duba ingancin makarantu, suka zo, sukan zauna da su su ji ko sun san makarantarsu. Gudanar da aji da hukuncin yau da kullum kuwa na shugaban makaranta ne da malamansa, gwamna ba ya shiga aji ya gyara wa malami koyarwa. Ki duba takardar da aka aiko miki ki ga ko makarantarku akadami ce, don waɗannan suna ƙarƙashin wata hukumar amintattu, kuma ikon kwamitin makaranta ɗaya yakan ragu ko ya ƙaru gwargwadon abin da amintattun suka sakar masa.

Makamin gwamna tambaya ce, kuma a nan ne wahalar da kika sha da ɗanki za ta yi amfani. Ba za ki ce me ya sa ba a duba ɗana ba. Za ki ce: yara nawa ne ke cikin rajistar masu buƙata ta musamman a makarantar nan? Daga ranar da uwa ta fara kawo damuwa zuwa ranar da aka duba yaro, wata nawa ake ɗauka? SENCO kwana nawa take samu a mako ba tare da aji ba don ta yi wannan aikin? Su wane ne aka fi hana wa wasa, kuma nawa daga cikinsu ne ke fama da karatu? Akwai ƙarin kuɗin da gwamnati ke ba makarantu tun 2011 saboda yaran gidajen da ba su da ƙarfi, dole makaranta ta wallafa yadda ta kashe shi. Ki tambayi me ya canja a karatun waɗannan yaran. Wanda bai taɓa zama da yaro yana kuka a kan littafi ba, ba lallai waɗannan tambayoyin su zo masa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amsoshin kuwa ana rubuta su a rahoton zama, a dawo musu a zama na gaba. A hankali abin yake tafiya, wataƙila ɗanki ya gama firamare kafin a ga sakamakon, amma ƙannen wasu za su ci moriya. Shawara ɗaya: kwamitoci sukan ware gwamna ɗaya ya riƙa bibiyar harkar yara masu buƙata ta musamman. Kada ki karɓi wannan matsayin muddin maganar ɗanki tana buɗe.

Abin da ya fi ba ni wuya, kuma na tabbata ke ma zai ba ki, shi ne 'yan'uwa. Ranar da aka ce kin ci, wayarki za ta fara ƙara. Za a ce ai yanzu muna da tamu a ciki. Za a tare ki a bakin makaranta, a tura miki saƙon murya a WhatsApp da sha ɗayan dare. Iyaye ne suka zaɓe ki, amma ba 'yar aikensu ba ce ke. Kina kawo idon uwa teburin, kina jefa ƙuri'a bisa abin da kika ga ya fi wa dukkan yara, ɗan Bahaushe da ɗan Bature da ɗan Somaliya. Abin da aka tattauna a asirce ya tsaya can, ko Abban yara ba za ki gaya wa ba. In aka kayar da ra'ayinki a ƙuri'a, ba za ki fito waje ki ce ni dai ban yarda ba. Wata rana ma za a iya kiran ki cikin gwamnoni ukun da za su duba korar wani yaro daga makaranta, uwarsa tana zaune a gabanki tana share hawaye da gefen mayafi. Na yi wannan zaman sau ɗaya, ban yi barci ba daren. In yaron na wanda kika sani ne, ki faɗa tun da wuri a sa wani. Ga matan da za su zo miki da koke, ki koyi cewa: ba zan iya kai wannan ciki ba, amma zo in nuna miki wanda za ki rubuta wa, in taya ki rubutawa. Wasu za su ce kin yi girman kai. Ki jure, za su gane.

Maganar maigida ba ta banza ba ce, kada ki ɗauke ta tsoro kawai. A 2014 wata wasiƙa da ba a san marubucinta ba ta fito a Birmingham tana zargin wasu Musulmi da shirin mamaye makarantu. Mutane da yawa sun ɗauki wasiƙar a matsayin ta bogi, duk da haka Ofsted ta binciki makarantu 21, aka hana wani shugaban gwamnoni sake riƙe muƙami, aka gurfanar da malamai a gaban hukumar ladabtarwa, har shari'ar manyansu ta rushe a 2017. Abin ya bar tabo, Musulmi da yawa suka ja da baya daga waɗannan kujeru. Amma ja da bayan bai hana a ci gaba da yanke hukunci kan yaranmu ba. Gwamnoni ne ke amincewa da tsarin kayan makaranta, inda maganar hijabi take. A gabansu ake kawo tsarin koyar da darasin zamantakewa da ya zama dole tun 2020, wanda doka ta ce a tuntuɓi iyaye a kansa. In babu wadda ta san yadda gidajenmu suke a teburin, za a yanke ba da mugunta ba, da rashin sani. Ki dai sani ƙuri'a ɗaya gare ki, kuma abin da dokar ƙasa ta wajabta babu kwamitin da zai soke shi. Wanda ya shiga da niyyar mayar da makarantar gwamnati islamiyya zai sha kunya, kuma ba abin da ya kawo ki ke nan ba.

Ki zauna da shi da takardun a hannu, bayan yara sun kwanta. Ki nuna masa komai a fili yake: za a sa sunanki a shafin makaranta, za ki bayyana duk wata alaƙar kasuwanci ko dangantaka da ma'aikata, za a yi miki binciken DBS, wato duba ko mutum yana da tarihin aikata laifi, irin wanda kika riga kika yi kafin ki fara jinya. Sannan ki gaya masa gaskiyar nauyin, don a kansa wani ɓangare zai faɗa. Wa'adin yawanci shekara huɗu ne, kuma ko yaranki sun bar makarantar kina iya ƙarasa shi. Doka ta ce a zauna aƙalla sau uku a shekara, amma mu sau shida muke zama, ban da ƙananan kwamitoci da horo da ziyarar makaranta da rana. In kika yi wata shida ba ki halarta ba kuma ba a karɓi uzurinki ba, kujerar ta tafi. Ke mai aikin dare da rana ce, don haka ki nemi jadawalin zaman shekara daga sakataren kwamitin tun kafin ki miƙa fom, ki kai wa mai tsara muku aiki. Dokar aiki ta 1996 ta ba gwamnan makarantar ƙaramar hukuma damar neman lokaci daidai gwargwado daga wurin aiki, ko da yake ba dole a biya shi ba. Wasu makarantun kuma suna mayar da kuɗin mota da na mai rainon yara, ki tambaya, ba abin kunya ba ne. In Abban yara ya ji shi zai riƙe gida daren zama kuma ya yarda, kin samu rabin nasara. In ya ƙi bayan duk wannan, kada ki miƙa fom a ɓoye. Kujera za ta sake buɗewa, ki ci gaba da lallashi.

Turancinki kuwa bai dame ni ba ko kaɗan. Macen da ke miƙa rahoton marasa lafiya ga likitoci kowace safiya ba za ta kasa tambayar ina kuɗi suka tafi ba. Ba a neman digiri, ba a neman wani harshe na musamman. Shekara 18 ce sharaɗi, da zama uwa ko mai riƙon yaro a makarantar, kuma kada mutum ya kasance kansila ko mai aikin albashi a makarantar fiye da awa 500 a shekara, sai sauran abubuwan da ke hana kowa, kamar wasu laifuka da karyewar arziki ta kotu. Abin da zai ba ki wuya shi ne gajerun sunayen da suke jefawa a magana kamar kowa ya sani. Duk wanda ya wuce ki, ki tsayar ki ce a fassara. Za ki ga wasu a teburin sun yi ajiyar zuciya, su ma ba su gane ba.

Zaɓen ma babu hawa mumbari. 'Yan layuka za ki rubuta game da kanki, a raba wa iyaye tare da takardar ƙuri'a, kuma akan ƙayyade yawan kalmomi. Kada ki sa ƙorafi a ciki, kada ki yi alkawarin abin da ba ki da iko a kansa. Ki ce ke ma'aikaciyar jinya ce, kin saba da kare lafiyar masu rauni da riƙe sirri da karanta alƙaluma. Ki ce yaranki biyu suna makarantar, kina jin Hausa da Turanci, kin san yadda iyayen da suka zo daga wata ƙasa ke fama kafin su gane tsarin, kuma kina son kowane yaro da karatu ke ba wuya a gano shi da wuri. Ki ba wata abokiyar aikinki ta duba miki rubutun. Ƙuri'ar asiri ce, uwa tana da tata uba yana da tasa, yawan yara ba ya ƙara ƙuri'a. Iyaye da yawa ba sa damuwa su mayar da takardar, don haka gaisuwar da kike yi wa mutane a bakin ƙofa da safe tana da nauyi. Ki gaisa da kowa, har waɗanda ba ku taɓa magana ba.

Aminiyarki kuma, ki taka ki je gidanta kafin ta ji a bakin wani. Zumunci a ƙafa yake. Ki gaya mata kin ji tana so, ke ma kina so, ki tambaye ta me ya ja ta. Mai yiwuwa ku tarar ɗayanku ta fi samun lokaci bana, ɗayar ta mara mata baya. In kuma duk kun tsaya, babu laifi, ku yi alkawari babu mai aibata wata a wurin matan islamiyya. Wadda ba ta samu ba tana iya gaya wa shugaban kwamitin tana son a gayyato ta idan gurbin gayyata ya samu, ko ta bi ta ƙungiyar Governors for Schools, wadda ke haɗa masu sa kai da makarantun da ke neman gwamnoni.

Wasiƙar SENCO ki rubuta ta yau da dare, fom ɗin ya biyo baya in kun gama magana da Abban yara. Ki sake rubuto mini in ji abin da suka ce game da yaron. Allah ya buɗa masa karatu, ya sanyaya miki zuciya a kansa.